Motar da Ba Ta Je Furana Ba

Ranar Talata da hantsi ina zaune a tsakar gidanmu na Ikara tare da matan da nake karantarwa, muna kan babin alwala, sai wayata ta yi ƙara. Ba na ɗaukar waya a tsakiyar karatu, amma da na ga sunan Yaya Binta, matar yayana, ban san lokacin da na ɗauka ba. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Malama, sai haƙuri. Yayanki ya cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa, don ban sami wata kalmar ba. Matan suka rufe littattafansu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na ce musu komai ba.

Kwana tara Yaya Habibu ya yi a asibiti a Zariya yana fama da ciwon ƙoda, saboda haka ba zan ce labarin ya zo mini ba zato ba. Abin da ya zo mini ba zato shi ne abin da zuciyata ta fara tunowa a cikin mota, muna hanyar Maƙarfi, inda gidansa yake. Ba ƙuruciyarmu ba ce, ba kuma fuskarsa ba. Maganar wata tsohuwa ce a Furana, Goggo Dije, wadda ta ce game da shi shekara huɗu da suka wuce: "Ban yafe ba, sai mun tsaya gaban Allah." Ga shi ya tafi tsayuwar, maganar tana nan ba a janye ta ba. Ni kaɗai ce kuma na rage a duniya da na san cewa ba shi ya kamata a gaya wa wannan maganar ba.

Zan zo kan wannan. Amma bari in fara faɗin ko wane ne shi, don waɗanda suka san sunansa ba su san mutumin ba.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari. Baba ya sa shi boko, ni ya bar ni a allo har na sauke, na ci gaba da littattafai. Bai taɓa nuna mini cewa nasa karatun ya fi nawa ba. Tun ina budurwa yake kirana Malama, da farko da tsokana, daga baya da gaske. Ya daɗe yana koyarwa a jami'a, amma sunan fanninsa da Turanci bai taɓa zama a bakina ba. Wata rana na ce masa, "Yaya, wai me kake koya wa yaran nan ne, lissafi ko kasuwanci?"

Ya ce, "Zaɓi nake koya musu."

Akwai farantin gyaɗa a gabansa. Ya ɗebi ƙwaya uku ya jera a tabarma, ya ajiye ɗaya a gefe. Ya ce, "Ga mota ɗaya, ga garuruwa uku suna jiranta. Ko ga jari kaɗan, ga sana'o'i biyar suna kiranki. Duk inda kika nufa akwai abin da kika bari a baya. Aikina shi ne in rubuta abin da ake so, in rubuta iyakokin da ba za a iya tsallakewa ba, sannan in nemo hanyar da abin da za a rasa ya fi ƙanƙanta."

Na ce, "To ai wannan kowace uwargida tana yi a gindin murhu."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Tana yi, kuma ta fi wasu ɗalibaina iyawa. Amma idan garuruwan suka kai ɗari, kai ba ya ɗauka. Nan ne muke kiran na'ura ta taya mu."

Bankuna da kamfanoni sukan neme shi. Wani yana so a gaya masa yadda zai rarraba jarinsa gida-gida don kada faɗuwar abu ɗaya ta kwashe duka. Wani yana so ya san ma'aikata nawa za su zauna a teburin sallamar jama'a don layi ya ragu. Wani kuma motocinsa ne suke yawo rabin ciki. Akwai bankin da ya ba shi takardu cike da jaka, ya ajiye su, ya je ya zauna a benci cikin masu jira har mako guda, da agogo a hannu, yana rubuta shigowar kowa da fitarsa. Sai da maigadi ya kai ƙararsa wurin manaja, wai ga wani dattijo nan yana leƙen asiri. Da yake ba mu labarin ya ce, "Takarda tana gaya mini abin da manaja yake so ya faru. Ni abin da ke faruwa nake nema."

Na taɓa tsare shi a kan aikin bankin nan. Na ce, "Yaya, abin da kake ci babu kuɗin ruwa a ciki?" Na zaci zai mayar da abin wasa. Bai yi ba. Ya ce ya daɗe yana yi wa kansa wannan tambayar, kuma ya yanke: abin da ya shafi layi da motoci da kaya yana yi, abin da ya shafi ruwa ya daina karɓa. Sai bayan shekaru Yaya Binta ta gaya mini irin ayyukan da ya mayar saboda haka, da yadda gininsu na Maƙarfi ya tsaya a linta tsawon lokaci.

Da ya yi ritaya ya dawo gida. A lokacin manoman tumatirin damina na Paki da Taba da Furana sun haɗa ƙungiya, sun sayi tsohuwar mota guda ɗaya don kai kaya inda manyan motocin kudu suke lodi. Kowane mako rigima ake yi a kan wanda motar za ta fara zuwa wurinsa, don tumatirin damina ba ya jira, ba kuma ranar da za a shanya shi a yi kauɗa. Suka zo wurinsa. Ya ce zai yi musu, ba ya son ko sisi. Abin da yake buƙata kowane mako shi ne ya san kwando nawa kowane gari zai tsinka, da wace rana, da yadda hanya take, da man da motar za ta sha, da yadda kasuwa take. Ya zuba a kwamfuta, ta fitar da tsari: yau nan, gobe can, kaza a ɗauka, kaza a bari zuwa jibi. Shekara biyu abin yana tafiya. Mutanen da suka daina gaisawa saboda mota suka koma gaisawa.

A Furana yawancin gonakin na mata ne, tsofaffi da waɗanda mazansu suka rasu, kuma ba za su zauna da baƙon namiji su yi masa bayanin gonarsu ba. Ni kuwa ina zuwa garin duk ranar Asabar ina karantar da su. Sai ya ba ni ƙaramin littafi ya ce, "Malama, ki tambaye su, ki rubuta abin da suka ce. Kada ki ƙara, kada ki rage." Na ji daɗin wannan umarni, don ya dace da tarbiyyata.

A shekara ta uku Allah ya ba Furana tumatir irin wanda ban taɓa gani ba. Sai dai a shekarar da ta gabata wata mata a garin ta faɗi a fili abin da take sa ran samu, kafin mako ya zagayo tsutsa ta cinye gonar, kowa ya ce baki ne. Saboda haka a wannan shekara ba wadda ta yarda ta ambaci gaskiyar abin da ke gonarta. Goggo Dije ta riƙe hannuna ta kai ni tata gonar da kanta. Ja wur, har rassan sun kwanta a ƙasa. Na ce, "Masha Allah. Goggo, kwando nawa zan rubuta?"

Ta ce, "Rubuta goma, in Allah ya so."

Na ce, "Goggo, goma?"

Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, duk karatun naki bai ba ki wayo ba? A tsakiyar gona ake irin wannan magana? Rubuta goma mu tafi."

Idona ya gaya mini ya haura arba'in. Na rubuta goma. Haka na bi sauran gidajen, kowace ta rage, ni kuma ina rubutawa. Zan iya fakewa da cewa umarnin da aka ba ni ke nan, na kuma daɗe ina fakewa da shi. Amma gaskiyar ita ce ni ma tsoro na ji. Na ce a raina idan na rubuta arba'in wani abu ya sami gonar, hannuna ne. Na san kambun baki gaskiya ne, na kuma san maganinsa addu'a ce ba rage gaskiya ba, ina koyar da haka da bakina. A bakin gonar nan tsoron ya fi ƙarfin karatun. Na kai wa Yaya littafin, ban ce masa komai ba.

Mazan Taba kuwa, a wannan makon, ƙarawa suka yi a kan abin da suke da shi, don motar ta fara zuwa wurinsu. Kwamfuta ta karɓi na kowa a matsayin gaskiya. Ta ce kayan Furana bai kai a shigar da mota cikin taɓon hanyarsu ba, a tura babur mai ƙafa uku ya kwaso shi zuwa Paki, motar kuma ta tafi Taba. Motar ta baro Taba rabin ciki, ta wuce wurin lodi. Mai babur ya isa Furana ya tarar da kwanduna jere a bakin hanya iya ganinsa. Ya ɗauki abin da zai iya. Kafin a sami direba a waya, kafin ya sauke ya juyo, kwana uku sun wuce, ruwa yana duka rana tana duka. Na je ranar Asabar. Tun daga nesa warin ya tare ni. Matan suna zaune a gefen kwandunan, ba mai kuka.

An yi taro a Maƙarfi, maza a gaba mata a baya. Kafin kowa ya yi magana Yaya ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Ni na yi tsarin, ni na tura motar Taba. Wanda zai yi fushi ya yi da ni."

Wani mutumin Furana ya ce daga baya, "Malam, na'urar taka ta taɓa shan miya kuwa?"

Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Yaya ya ce, "Ba ta taɓa ba."

Ina zaune cikin mata, littafin yana cikin hijabina, ban buɗe baki ba.

Bayan la'asar ya kira ni ɗakinsa. Ya ce, "Malama, kin je gonar Goggo Dije da ƙafarki?" Na ce na je. Ya ce, "Me kika gani?" Na gaya masa duka, har da tsorona. Sannan ya ce, "To ni ne. Na ce ki rubuta abin da aka ce, ban taɓa ce miki ki gaya mini abin da kika gani ba. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai lissafi ba ya fin abin da aka zuba masa gaskiya. Na zauna mako guda a bencin banki saboda wannan, ga shi na manta a ƙofar gida."

Na ce zan je in gaya musu. Ya ce, "Ki gaya musu me? Cewa tsohuwar nan maganar bakinta ce ta ruɓar da gonarta? Ko ki ce ke ce, su rufe miki ƙofa, karatun matan ya tsaya? Ni ba a garinsu nake kwana ba. Ki bar shi a kaina."

Na bar shi a kansa. Ina so a sani cewa ba biyayya kaɗai ta sa ba. Sauƙi na samu, na riƙe.

Furana ta fita daga ƙungiyar. Goggo Dije ta sa ran da wannan tumatir za ta yi wa ɗakinta rufin kwano. Ba ta yi ba, damina ta gaba soron ya rufta, Allah ya sa tana waje. Ta koma wani ɗan ɗaki a gidan ɗan mijinta. Yaya ya sayi kwano ya aika ta hannun maigidana, ta mayar da shi a ranar. Ya je da kansa, da kumburarrun ƙafafunsa, ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama. Ba ta fito ba. Daga bayan zana ta faɗi maganar nan da na ambata a farko. Maigidana ya ce Yaya ya amsa da "To, Goggo," ya juya.

Daga nan ya sauya yadda yake aiki. Ya daina tambayar kowa kwando nawa zai samu. Sai ya tambayi kwanduna nawa mutum ya tanada, masu tsinka nawa ya kira, don waɗannan ba a ɓoye su ba a kuma ƙara musu. Ya daina yin lissafin sau ɗaya. Yakan yi shi a kan abin da aka gaya masa, ya sake yi a kan cewa rabinsa ne gaskiya, ya sake yi a kan cewa ninkinsa ne, sannan ya zaɓi tsarin da ba zai durƙusar da wani gari ba ko da wanne ya tabbata. Mazan Taba suka yi gunaguni cewa riba ta ragu. Ya ce musu, "Ta ragu, na sani. Tsarin da ya fi riba yana aiki ne idan kowa ya faɗi gaskiya, ni kuma na daina gina rayuwar mutane a kan wannan." Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga nesa suna tambayarsa wannan sabuwar hanya, wai a kamfanoni ma irin matsalar ke nan. Ya koya musu, amma bai taɓa gaya musu inda ya koyo ta ba.

Ranar Lahadi kafin rasuwarsa na je asibiti. Yaya Binta ta fita sayen ruwa, muka rage mu biyu. Na ce, "Yaya, ka sake ni in faɗa." Ya gane abin da nake nufi. Da ƙyar ya ce, "Goggo tana raye?" Na ce tana raye. Ya ce, "To a bar ta da mutuncinta." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe a kai.

Maigidana ya ce mini a wurin jana'iza liman ya roƙi duk wanda ke da haƙƙi a kan mamaci ya yafe, jama'a suka amsa. Paki sun zo, Taba sun zo da mota cike. Daga Furana ba a ga kowa ba. Kwanakin zaman makoki ina karɓar gaisuwa da baki, zuciyata tana wani wuri. Ga umarnin yayana, wanda ya maimaita a kan gadon mutuwa. Ga kuma shi a inda ba zai iya yi wa kansa bayani ba, da maganar tsohuwa tana binsa. Na ga cewa yana da ikon ɗaukar zargi a kansa lokacin da yake raye, amma ni ba ni da ikon barinsa da shi yanzu. Ban sani ba ko na yi daidai. Washegarin addu'ar bakwai na hau babur na tafi Furana.

Na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale. Na durƙusa muka gaisa, gajiya da gida da yara da ruwa. Ta ce, "Rakiya, na ji an yi muku rashi. Ƙafa ce ta hana ni." Ni da ita mun san ba ƙafa ba ce.

Na ce, "Goggo, magana na kawo, kuma ba mai daɗi ba ce." Na fito da littafin na buɗe shafin, duk da ba ta karatun boko. Na gaya mata komai. Hannunta bai tsaya ba sai da na gama.

Ta ce, "Goma na ce?"

"Goma kika ce, Goggo."

"Ke kuma kin ga ya fi."

"Na gani."

"Shi ya sani?"

"Tun ranar taro."

Ta ture faifan gefe. Ta ce, "Shekara huɗu ina kai ƙarar mutumin nan wurin Allah, safe da yamma, yana ji, bai ce uffan ba?"

Na ce, "Ya ce kada a kunyata ki."

Kaji suka fara tsattsagar zogalen, ba ta kore su ba. Can ta ce, "Da ya zo ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Dattijo da sanda, na bar shi a rana a ƙofar gida." Ta goge fuska da gefen zane. "Na yafe masa duniya da lahira. Allah ya sa shi ma ya yafe mini kafin ya tafi."

Na ce mata bai taɓa riƙe ta ba, ko sau ɗaya. Sannan na ce, "Ni fa, Goggo?"

Ta ɗago ta dube ni sosai. Ta ce, "Ke? Ke kina shigowa ɗakina duk Asabar, ki ci tuwona, ki gyara mini Fatiha, kina jina ina ambaton ɗan'uwanki da mugun baki, ki naɗe tabarma ki tafi. Je ki tukuna. Ban ce ba zan yafe ba."

Na tambaye ta ko in gaya wa jama'a. Ta ce, "Ki gaya musu. Ni na ce goma, ba zan ɓuya ba. Amma ki sa naki a gaba."

Shi ne na sa nawa laifin a gaba a wannan rubutu. Mutanen Furana, da duk wanda ya yi asara a wannan makon, littafin da ya hana motar zuwa da hannuna aka rubuta shi, idona kuma ya ga gonakin. Wanda yake riƙe da Malam Habibu a zuciya, don Allah ya sake shi, ni ina nan Ikara, ƙofata a buɗe take.

Ya Allah, bawanka Habibu ya zo gare ka. Ka san abin da ya ɗauka wanda ba nasa ba, ka san kuma abin da ya bari saboda tsoronka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sanya shi cikin waɗanda ka yarda da su. Idan saɓa masa da na yi kuskure ne, kada ka ɗora masa komai daga ciki. Ka ba Yaya Binta haƙuri da juriya, ka rufa mata asiri, ka shiryi 'ya'yansa ka haɗa kansu, ka sa ilimin da ya bari ya ci gaba da isa gare shi. Ka jiƙan iyayenmu da dukkan Musulmi. Ni kuma ka ara mana kwana, ni da Goggo Dije, har ranar da za ta aiko a kira ni. Amin.